Mu Haɗu a Littafi na Biyu: Yadda Labarin Hausa Ya Taso Daga Kasuwa Ya Shiga Waya

Duk wanda ya yi karatun littattafan Hausa a shekarun 1990 ya san yadda ake rufe shafin ƙarshe. Ana tsaka da rikici, an ɗaura aure ko an fasa, uwar miji ta ɗaga labule ta shigo, sai marubuciya ta ajiye alƙalami ta ce a haɗu a littafi na biyu. Mai karatu a Fagge ko Gwammaja zai iya tattaki zuwa kasuwa ya tambaya ko na biyun ya fito. Mai karatu a Zuru kuwa sai haƙuri. Littafin zai baro Kano a cikin kwali, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ratsa Anka da Daki Takwas kafin ya iso kudancin Kebbi, in ma ɗan kasuwar da ya kawo na ɗaya ya ga akwai riba a kawo na biyu. In bai gani ba, labarin ya tsaya ke nan, sai dai mutum ya ƙarasa shi a zuciyarsa.

Yau yarinya a Zuru ko Dabai ko Ribah tana samun sabon shafi a minti ɗaya da takwararta ta Kano. In ta ga dama ma, a daren nan za ta buɗe nata labarin, ta saki shafin farko ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Ana yawan magana kamar wayar hannu ce ta ƙirƙiro wannan al'ada. Alhali marubutan Hausa sun yi kimanin shekara arba'in suna buga kansu da kansu, kashi-kashi. Abin da yake sauyawa daga zamani zuwa zamani shi ne wanda ya riƙe hanyar da ke tsakanin marubuci da mai karatu. Wanda duk ya riƙe ta, a hannunsa kuɗin yake tsayawa, a hannunsa kuma labarin yake rayuwa ko ya ɓace.

Da farko hanyar a Zariya take, kuma ƙofarta ɗaya ce. A 1933 Hukumar Fassara, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Daga nan aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA a shekarun 1950, aka kafa NNPC a 1966. Duk waɗannan hukumomi idonsu yana kan makaranta. Littafin da za a sa a manhaja shi ne littafi, domin shi ne gwamnati za ta saya da yawa. Wanda ya rubuta labari sai ya aika Zariya ya zauna jira, ko kuma ya jira a sake yin gasa. Ta hanyar gasa So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid ya fito a 1980, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. A lura da tazarar: daga 1933 sai da aka yi kusan shekara hamsin kafin sunan mace ya hau bangon ƙagaggen labarin Hausa.

Abubuwa biyu suka haɗu suka karya wannan ƙofa. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, ciki har da 'yan mata da yawa, waɗanda zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun zama samari da matan aure masu iya karanta boko, ba su kuma da abin karantawa sai littattafan aji. A daidai lokacin tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Ga masu karatu sun yi yawa, ga masu bugawa sun ja baya. Sai marubuta suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu.

Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin waɗanda ake ambata a matsayin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya ratsa ƙasar Hausa har Nijar. Daga baya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta mamaye ɗakunan mata da irin su Allura Cikin Ruwa. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi don su tallafi juna, mafi shahara ita ce Raina Kama ta su Gidan Dabino da Balaraba da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A cikin littattafan 'yan ƙungiyar akan sa jerin sunayen sauran littattafan 'yan uwa, wani lokaci har da hotonsu a tare. Talla ce wadda ba a biya ko kwabo ba.

To me ya sa ake rarraba labari gida biyu, uku, har huɗu? Wasu suna ɗauka salo ne na jan rai kawai. Jan ran yana nan, amma asalin abin jari ne. Marubucin da ya sayar da kekensa, ko marubuciyar da ta ɗauki adashi, ba su da kuɗin buga littafi mai shafi ɗari uku a tashi ɗaya. Sai a buga ƙarami a kan takarda mai araha, a sa masa farashin da 'yar makaranta za ta iya tarawa daga kuɗin tara, abin da aka samu a na ɗaya a buga na biyu da shi. Wato mai karatu ne yake zuba jarin ci gaban labarin. Idan na ɗaya bai karɓu ba, babu na biyu. Wannan ya koya wa marubutan Kano abin da Charles Dickens ya koya a Ingila tun 1836, lokacin da yake fitar da labarinsa wata-wata: dole a ajiye alƙalami a inda mai karatu ba zai iya barci ba.

Har sharhin masu karatu da muke gani kamar sabon abu, a wancan zamani akwai shi. Marubuta sukan sa adireshinsu a littafi, wasiƙu su riƙa zuwa ta gidan waya, a zaɓi wasu a buga a kashi na gaba. Wani ya yaba, wata ta roƙi kada a raba masoyan, wani ya yi wa'azi. Bambancin kawai shi ne wasiƙa takan yi makonni a hanya.

Sai dai 'yancin da aka samu daga kamfanonin Zariya bai daɗe a hannun marubuci ba. Buga littafi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da kai shi Sakkwato da Maraɗi da Kwantagora. Wannan aiki na 'yan kasuwar littafi ne na Kano, su ke da shago, su suka san dilolin garuruwa, su ke ba da kaya bashi. Marubuci zai kai littafi ya ajiye, a riƙa biyansa kaɗan-kaɗan yadda aka sayar, ko yadda aka ce an sayar. Da tafiya ta yi nisa, sai wasu 'yan kasuwar suka koma sayen rubutun ɗungurungum, su biya sau ɗaya, su buga iya son ransu. Ga kuma masu ba da haya, inda kwafi ɗaya zai zaga unguwa guda har bangonsa ya cire, marubuciya ba ta ga ko sisi ba. Ba na ganin adalci ne a mayar da 'yan kasuwar nan azzalumai gaba ɗaya, domin ba don su ba da littafin bai wuce Ƙofar Nasarawa ba, kuma su ma sun sha asara a hannun dilolin da suka ci bashi suka ɓace. Amma dai hanya a hannunsu take, kuma kowa ya san abin da Hausawa suka ce game da mai ɗaki da inda yake masa yoyo.

Akwai hanya ta biyu da ta fi mota sauri, ita ce rediyo. Gidajen rediyon Kano da Kaduna sun daɗe suna karanta littattafai kashi-kashi, kuma ga garuruwa masu nisa irin Zuru wannan ya fi kowace kasuwa tasiri, don ya isa ga wadda ba ta yi boko ba da wanda ba shi da kuɗin saye. Masu sauraro da yawa sun san shirin Rai Dangin Goro na Ahmad Isa Koko, mai ɗauke da sunan garin Koko na nan jihar Kebbi. A ƙasar Zuru kuwa rediyo da littafin sun yi wani aiki na daban. Nan ƙasa ce ta Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu, kowa da harshensa na gida, Hausa kuma ita ce ta kasuwa da tasha da hira tsakanin ƙabilu. Mai karatu a nan yakan karanta labarin cikin harshen da yake ji sarai, amma gidajen da ake kwatantawa da al'adun auren da ake yi duk na Kano ne. Shi dai nasa saye da sauraro.

Masana ba su yi maraba da wannan adabi da farko ba. Ibrahim Malumfashi, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya fara sukarsa a jaridar Nasiha tun 1991, kuma sunan Adabin Kasuwar Kano da ya laƙaba masa, bisa kwatanci da na kasuwar Onica, shi ne ya bi shi har yau. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya wa marubutan, aka yi shekaru ana fafatawa a shafukan jaridu, musamman waɗanda Ibrahim Sheme ya riƙe. Hujjar masu suka ita ce rashin tacewa da kwaikwayon finafinan Indiya da karya ƙa'idar rubutu. Hujjar masu karewa ita ce waɗannan littattafai sun sa dubban mata karatu, sun kuma taɓo auren dole da kishi da saki da ilimin 'ya mace a lokacin da ba mai taɓa su. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin dariyar shi ne duk zargin da aka yi wa su Gidan Dabino a 1991, kusan kalma da kalma, shi ake yi wa marubutan waya a yau, wani lokaci ma daga bakin waɗanda aka yi wa shi jiya.

Daga ƙarshen shekarun 1990 fim ya janye marubuta maza da yawa, kasuwar littafi ta koma hannun mata. Sannan hukuma ta shigo. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata, kuma bayan Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi hukumar tacewa a shekarar, aka nemi marubuta su yi rajista a kuma duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa. Wannan ya yiwu ne saboda hanyar a wuri ɗaya take. Wanda ya tsare maɗaba'u da shagunan Kano ya tsare adabin gaba ɗaya.

A daidai wannan lokaci wata hanyar tana buɗewa ta bayan gida. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, bayan kamar shekara goma kuma wayoyi masu intanet suka fara araha. Aka fara da kwafe tsofaffin littattafai ana zubawa a Facebook, daga nan masu kwafar da masu karantawa suka ga ai su ma za su iya. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 zaurukan WhatsApp sun zama maɗaba'a da shago da rumfar hira a haɗe. Marubuciya tana ɗakinta, goyo a baya, tana buga shafi da babban yatsa, ta saka tambarin ƙungiyarsu a sama kamar yadda 'yan Raina Kama suke yi, ta tura. Kafin ta sauke tukunya sharhi ya fara shigowa. In sharhin ya yi ƙaranci ta yi barazanar dakatawa. In masu karatu suka tsani wata tauraruwa, sai ka ga an sauya mata ƙaddara a shafi na gaba. Wasu kuma suka nufi Wattpad, dandalin da aka kafa a Kanada a 2006, wanda ya ba su wurin jera shafuka a tsare da ƙidayar masu karantawa, amma kuɗi sai dai a nemo ta wata hanya.

Hanyar da aka samo ta Hausawa ce zalla, kuma jikar littafi na ɗaya da na biyu ce. A saki shafukan farko kyauta har labari ya kama mutum, sannan a ce daga nan sai wanda ya biya. A tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko a ɗauki hoton katin waya, a nuna shaida, a jefa mutum cikin zauren waɗanda suka biya. Mutanen Nijar akan ba su lamba ta daban da za su biya da sefa. Wasu marubutan suka haɗa kai suna sayar da littattafansu a dunƙule, kamar Zafafa Biyar na su Billyn Abdul da Safiyya Huguma da Hafsat Rano da Mamuhgee da Miss Xoxo. A tsakiyar shafi kuma sai ka ci karo da tallar atamfa ko turaren wuta ko kayan mata, wanda shi ma kuɗin shiga ne. A karon farko tun 1933, kuɗin mai karatu yana tafiya kai tsaye zuwa hannun wadda ta yi rubutun, ba edita ba dillali, ba kuma kuɗin mota zuwa Kano. Ga marubuciyar da ke zaune a Zuru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta buƙatar ta san kowa a Sabon Gari, kuma ba wanda zai ce mata labarin da aka gina a kan bikin Uhola, ko a kan matar soja da ke jiran miji a garin da kusan kowane gida ya ba da soja, ba zai sayu ba. Masu karatu ne za su yanke hukunci.

Amma abin da ya sa tura shafi ya yi sauƙi, shi ya sa satarsa ta yi sauƙi. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa a zauruka goma. Wani ya tattara shafukan ya haɗa su fayil guda ya zuba a shafinsa na intanet yana cin kuɗin talla. Wani ya karanta a YouTube da murya mai daɗi ba tare da ya tambayi mai shi ba. Shi ya sa za ka ga an buɗe shafi da Allah ya isa ga duk wanda ya fitar, tun kafin a kai ga sallama. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata a intanet, sai dai matar da take sayar da littafi a kan kuɗin da bai kai na mudun shinkafa ba, da wuya ta ɗauki lauya. Ga kuma matsalar tacewa da ta dawo sabuwa: ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace a yawancin shafuka, Ingilishi ya cakuɗe da Hausa, gasar neman masu biya ta tura wasu cikin batsa tsirara. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa a cikin wannan taro akwai alƙaluma masu kyau ƙwarai idan suka sami mai dubawa, amma gajeren labari ɗaya a shekara ba zai tace kogi ba.

A nan ne manhajojin sayar da littafi suka shigo da alƙawarin magance sata: a karanta a cikin manhaja, ba a kwafa, dandali ya cire kasonsa ya ba marubuci saura. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ya karɓi marubutan Hausa da yawa. Daga baya aka sami irin su ArewaBooks da aka gina musamman don wannan kasuwa. Tsarin yana da amfani, kuma ya yi aiki a wasu wurare, domin a ƙasar Sin tun farkon shekarun 2000 ake biyan marubutan intanet babi-babi, har abin ya zama babbar masana'anta. Amma wanda ya san tarihin 'yan kasuwar Kano zai gane fuskar. Dandali shi ne sabon mai shago. Shi ke da jerin sunayen masu saye, shi ke yanke kaso, shi ya san adadin da aka sayar. Kuma yana iya rufewa. A ƙarshen Nuwamba 2023 OkadaBooks ya rufe bayan shekara goma, yana kukan matsin tattalin arziki. Kada a ce don na gida ne: kamfanin Amazon da duk ƙarfinsa ya buɗe Kindle Vella a 2021 don labarai kashi-kashi, ya rufe shi a farkon 2025. Hanyar ma kanta tana iya yankewa. A watan Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara, maƙwabciyar masarautar Zuru, saboda matsalar 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba data. Duk marubuciyar da ke Gusau a lokacin, shagonta a kulle yake.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna, wato ajiya. Littattafan kasuwar Kano, duk da raina su da aka yi da takardarsu mai saurin yin ja, sun bar sawu. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara ɗaruruwansu suka fitar da kundin sunayensu a 2004, wanda ya ƙunshi abin da aka buga daga 1987 zuwa 2002. Saboda akwai kwafi a hannu ne Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Har yau in ka buɗe tsohuwar akwatin wata uwa a Zuru ko Yawuri, kana iya samun na ɗaya da na uku, na biyun an ara ba a dawo da shi ba. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a can. Yawancin marubutan kasuwa ba su bi ta ba, amma aƙalla akwai abin da za a iya ajiyewa.

Labarin da aka rubuta a WhatsApp a 2016 fa? Ba shi da lambar littafi, ba shi da shekarar bugu a jikinsa, sau da yawa sunan da ke kansa na alƙalami ne. An rushe zauren, wayar da aka buga shi a kai ta faɗa ruwa ko an sayar da ita, marubuciyar ta yi aure ta sauya layi. Kwafin da ya fi saurin samuwa a yau shi ne wanda ɓarayin nan suka haɗa suka zuba a shafukansu, wani an cire sunan mai shi, wani an yanke ƙarshensa, wani an haɗa shi da shafukan wani labarin daban. Ɗalibin da zai rubuta kundin digiri a kan adabin Hausa na shekarun 2010, daga irin waɗannan shafuka zai fara nema, sannan ya bi gida-gida yana tambayar wadda ba ta goge tsohon katin ajiyar wayarta ba.